Harbin da Na Yi a Dutsen Su Ishaya

Laifina ne tun daga farkonsa har ƙarshensa, kuma ba zan taɓa mantawa da shi ba ko da na so. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya zauna jiran wurin da zan wanke kaina. Babu wurin. Mutum biyu suka gargaɗe ni, kowanne da bakinsa, a rana daban-daban. Na ji, na gyaɗa kai, na je na yi abin da na ga dama.

A shekarun nan da wayar hannu ta fara shigowa Zuru, ina da rumfar gyaran injin niƙa a Rikoto. Karatuna bai wuce firamare ba, sai allo da na yi a gida. Amma ina da bindiga harba-ka-ruga da na gada wurin ƙanen mahaifina, kuma ina da baki. (Bakin ya fi bindigar ƙara, ya kuma fi ta yawan kuskure.) Abin da na taɓa kashewa a duniya bai wuce zabin daji da zomaye ba, sai wata gafiya da tsufa ya riga ya gama da ita kafin in iso. Amma in na zauna majalisa bayan la'asar na fara labari, sai ka rantse ni na ƙarar da ɓaunan ƙasar nan.

Jikin rumfata akwai shagon kafinta, mai shi sunansa Ishaya. Badakkare ne, Kirista, ɗan wani ƙauye da ke gindin dutse in ka ɗauki hanyar Ribah ka saki titi. Shekara bakwai muna maƙwabtaka, ko musu mai ƙarfi bai taɓa haɗa mu ba. In Sallah ta zo matata ta aika musu nama, in Kirsimeti ta zo matarsa Rahila ta aiko mana shinkafa da kaza da ranta, don mu yanka da kanmu. Shi ya sake wa bindigata katako lokacin da gara ta cinye na da. Yana kirana Maharbi, da zolaya, ni kuma ina kiransa Sarkin Ƙusa.

Wata rana da yamma, ana dab da girbi, ina kukan cewa nama ya ƙare a daji, sai Ishaya ya ajiye zarto ya ce, "A wurinku ya ƙare. Bayan dutsenmu akwai maɓuɓɓuga da ba ta ƙafewa. Har gobe barewa na saukowa shan ruwa da sassafe."

Na ce, "Barewa? Sarkin Ƙusa, ko dai akuyar maƙwabta ka gani?"

Ya yi dariya. Sai ya shiga kwatanta mini wurin tiryan-tiryan: inda ake sakin hanya, wata kuka mai rassa biyu, da lungun da ake bi tsakanin manyan duwatsu. Alfahari da gida ne ya sa shi, irin na mutumin da ya daɗe a gari yana kewar ƙauyensu. Ni kuwa ina ajiye kowace kalma a kaina kamar ɓarawon da ake nuna wa ɗakin ajiya.

Ya ce, "Abin da ya sa suke nan, ba kowa ke hawa ba. Dutsen na gidanmu ne. Ka bari a gama girbi in kai ka wurin Baba. Ka riƙe goro da gishiri, ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka. In ya yarda, shi da kansa zai hau da kai ya nuna maka inda ake harbi da inda ba a yi. In Allah Ya ba ka, ƙafar gaba tasa ce. Shi ke nan fa."

Na ce, "Duk wannan don barewa ɗaya? Sai ka ce neman aure."

Ya ce, "Neman aure a wurinmu shekaru ake yi ana noma, Maharbi. Wannan yini ɗaya ne."

Gargaɗi na farko ke nan.

Na sha gaya wa kaina cewa gaggawa ce ta hana ni jira. Ƙarya ne. Abin da ya hana ni shi ne ban so in durƙusa gaban tsohon ƙauye ba. A lokacin ina ganin ni ɗan gari ne, mai sana'ar ƙarfe, mai babur, ga agogo a hannu. In je in tsuguna a ƙofar wani gida ina roƙon izinin shiga daji, dajin Allah? Kuma in cire ƙafa guda in bayar? Na riga na raba barewar a zuciyata, kuma duk ƙafafun huɗu sun sami masu su a majalisa.

Sai na yi dabara. Na tafi ofishin gandun daji na nemi takardar izinin farauta. Na yi zirga-zirga kwana uku, aka ba ni ita da hatimi shuɗi a ƙasa. Ma'aikacin da ya miƙo mini ita dattijo ne mai natsuwa. Bai saki takardar nan da nan ba, ya riƙe gefenta ya ce, "Malam, wannan tsakaninka da gwamnati ce. Ba ta buɗe maka gonar kowa ba. Duk inda za ka, ka nemi masu wurin."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Na biyu ke nan. Ban kai bakin ƙofa ba na zubar da shi.

Takardar da Turanci take. Abin da na iya karantawa a ciki sunana ne da sunan Zuru, sai hatimin da ba ya buƙatar karatu. Na naɗe ta cikin leda na sa a aljihun gaba, inda gefenta zai riƙa leƙowa. Kwana biyu ina yawo da ita a Rikoto, duk wanda ya tambaya in ce, "A'a, ba komai, 'yar takardar gwamnati ce."

Akwai abin da ban taɓa gaya wa 'yan majalisa ba, zan faɗe shi nan. Ranar Lahadi na zaɓa, kuma da gangan na zaɓe ta. Na san ƙauyen duk suna coci da safe. Wanda ya yarda takardarsa ta ishe shi ba ya neman ranar da masu gida ba sa nan. Ashe tun kafin in tada babur na san abin da nake yi.

Ina idar da sallar asuba na kama hanya. Na kashe babur tun daga nesa, na tura shi cikin sabara na ɓoye, na zagaye ƙauyen ta bayan gonaki. An fara yankan dawa, karan na tsaye. Na ga kukar, na ga lungun, komai yadda Ishaya ya faɗa. Da na fara hawa, sai na jiyo ganga da waƙa suna tasowa daga cocinsu a ƙasa. Na ji daɗi. Na ce a raina, ku yi ta yi.

Ciyawar dutsen ta bushe, ta kai mini ƙirji. Ban kai ga maɓuɓɓugar ba, ina cikin wani ɗan fili mai itatuwa, sai na hango barewa. Kai ne da wuya sama da ciyawa, ja-ja, da ƙaho biyu, ta juya mini gefe. Na kwanta rub da ciki.

Mai karatu, na ja ciki a wurin nan ya fi rabin awa. Ƙaya ta yaga mini riga, tururuwa suka shiga wandona, ban motsa ba. In na ɗago kai in gan ta tana nan yadda take, ko kunne ba ta kaɗa ba. Mai hankali da ya tambayi kansa wace irin barewa ce wannan da ƙuda ba ya damunta. Ni kuwa yaba wa kaina nake yi. Ina cewa, kai, yau ka cika maharbi, ko numfashinka ba ta ji ba. Har na fara tsara yadda zan ba da labarin.

Na gyara kwanciya, na saita wuya, na yi bismilla, na ja kunama.

Hayaƙi ya rufe ni. Amma tun kafin ya washe kunnena ya gaya mini akwai matsala. Na san ƙarar harsashi in ya shiga nama. Wannan tas na ji, irin ta tulu in ya suɓuce daga kan mai ɗebo ruwa.

Na tashi na kutsa ciyawa. Tarin duwatsu na tarar, an jera su a zagaye, tsofaffi, gansakuka ta bushe a jikinsu. A kai akwai tukwane a kife, sai wata babba a tsakiya wadda aka gina mata jiki da ƙafafu na yumɓu, da zane a jikinta layi-layi. Wuyan ne babu. Kan na ƙasa, ya rabu uku.

Duk wanda ya zauna ƙasar Zuru ya taɓa jin cewa Dakarkarin zamanin da suna ɗora irin waɗannan siffofi na yumɓu a kan kabarin manyansu, manoma da 'yan kokawa da maharba da suka yi suna. Na sha ji, ban taɓa gani ba. Ranar na gani, bayan na harbe shi. Sai kuma na lura da wani abu: gangar coci ta tsaya.

Hanyar sauka ɗaya ce. Na bi ta da sauri ina fatan in riga su, muka yi kiciɓis a gindin kukar nan. Maza ne kusan ashirin cikin kayan Lahadi, wasu da Littafi a hannu, mata na biye a baya. A gabansu wani dogon tsoho siriri, da sanda, takalmansa na sheƙi. Ba a gaya mini ba na gane shi, don goshin Ishaya ne sak. Tsohon soja ne, kowa Baba Saje yake ce masa.

Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni, ya dubi bindigar, ya ce, "Sannu da aiki. Wa ya kawo ka?"

Bai ce wane ne kai ba. Wa ya kawo ka, ya ce. A wurinsu baƙo ba ya hawa dutse sai da wanda ya kawo shi.

Na sa hannu a aljihu na zaro ledar, na ce, "Gwamnati."

(Allah Ya yafe mini. Har yau in na tuna yadda na faɗi kalmar nan, da ƙirji a buɗe, ga tururuwa na cizona a cinya, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.)

Ya karɓa. Ya miƙa wa na kusa da shi sandarsa, ya ciro tabarau, ya warware takardar a hankali. Ya karanta ta da ƙarfi da Turanci tun daga sama har ƙasa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya juya ya faɗa wa mutanensa da Dakarci. Sannan ya dawo kaina da Hausarsa ta bariki.

"Takarda mai kyau. Ya ce an yarda ka yi farautar ƙananan nama, inda doka ya yarda, da izinin mai wuri. Ga shi nan layi na ƙarshe. Ka karanta?"

Na ce, "Na karanta."

Ya miƙo mini ya ce, "To karanta mana. Idona ya tsufa, ƙila na yi kuskure."

Na karɓa na zuba mata ido. Na ga sunana. Na ga Zuru. Na ga hatimi. Na yi ta kallonta har na ji kukan kurciya a kan kukar. Wata mata a baya ta yi tari don ta danne dariya. Ni da na zo in nuna wa mutanen ƙauye takarda, ga ni tsaye da ita a hannu kamar an ba akuya madubi.

Da a nan abin ya tsaya, da labarin dariya ne kawai. Amma mutum biyu daga cikinsu sun riga sun wuce ni sun hau. Sai ga su suna saukowa, ɗaya ya tuɓe rigarsa ta coci ya ƙunso wani abu a ciki, yana riƙe da shi da hannu biyu kamar jariri. Ya durƙusa gaban tsohon ya buɗe.

Ba wanda ya sake tari. Matan suka ɗora hannu a ka. Baba Saje ya daɗe yana kallon gutsattsarin nan. Ya cire tabarau, ya sunkuya ya ɗauki ƙaho ɗaya, ya share shi da babban yatsa.

Ya ce, "Ka sami nama."



Ya ƙara da cewa, "Wannan a kan kabarin ubana yake. Maharbi ne, shi ya sa aka yi masa barewa. Tun ban shiga soja ba yake nan. Ruwa ya dake shi, wutar daji ya zagaye shi, bai fashe ba."

Nan ne ya kamata in zube ƙasa. Kalma biyu ce, ku yafe. Bakina ya buɗe, ga abin da ya fito:

"Baba, ai tukunya ce. Ranar kasuwa sai in sayo muku wata. Ko biyu ma."

Wani saurayi ya yunƙuro, tsohon ya tare shi da hannu ɗaya ba tare da ya waiwaya ba. Ya karɓi takardar daga hannuna, ya ninke ta yadda take, ya mayar cikin leda, ya sa mini a aljihu da kansa. Sannan ya ce, "Tambaya ɗaya. Baƙo ba ya sanin lungun nan. Wa ya kwatanta maka?"

Na ga kamar igiya aka jefo mini a rijiya. Da sauri na ce, "Ɗanka Ishaya. Abokina ne, shagonmu ɗaya."

Ya ce, "To."

Shi ke nan abin da ya ce. Suka dare gida biyu suka ba ni hanya. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya taɓa ni, kuma da sun mare ni da ya fi mini sauƙi. Na jawo babur daga cikin sabara, na yi ta dukansa ya ƙi tashi. Na tura shi ta tsakiyar ƙauyen, bindiga a baya, gumi na zuba, suna biye da ni shiru. Sai da na kai bakin coci wani mutum ya matso, bai ce mini uffan ba, ya sunkuya ya murɗa ɗan makullin mai da na rufe da hannuna da safe. Ni mai gyaran inji.

Litinin na buɗe rumfa ban gaya wa Ishaya komai ba. Talata aka aiko ya je gida. Laraba ya dawo, ya buɗe shago, ya leƙo ya ce, "Ina kwana, Malam." Tun daga ranar ban sake jin Maharbi a bakinsa ba. Bai yi mini faɗa ba, bai tambaye ni ba. In na nemi aron guduma ya ba ni. Sai na ce wa kaina magana ta wuce, mutanen nan ba su da riƙo.

Labari kuwa ya riga ni isowa gari. Ina zama a majalisa wani ya ce, "Ku matsa wa wanga maharbi, kada ya ga tulun ruwanmu ya ɗauko bindiga." Aka kwashe da dariya. Wata guda ba ni da suna sai Mai Barewar Yumɓu. Kuma don a san irin mutumin da nake a lokacin, haushin Ishaya na riƙa ji, ina zargin shi ya baza ni. Mutum ashirin suka gan ni da idonsu, amma shi na zarga.

Kirsimeti ta zo. Kowace shekara Ishaya kan rufe shago mako guda ya kwashi iyali su tafi ƙauye. Wannan shekarar washegari na ji ƙarar zarto. Na lura, ban tambaya ba, don na san tambayar tana da amsa. Rahila ta aiko da shinkafa da kaza kamar kullum. Na yanka, aka dafa, na ci. (Har da ƙari.)

Haka muka tafi har zafin bazara ya shigo, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kowa na maganar sharar gona. Ishaya yana da gona a ƙasar gidansu, daga nan dawar da suke ci shekara take fitowa. Warhaka ya kan tafi. Bai tafi ba.

Wata ranar Alhamis ya fita sayen katako, ina kwance ƙarƙashin wani inji, sai na ga ƙafafun mace a bakin rumfa. Rahila ce, da goyo. Ba ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, "Baban Sadiya, tambaya na zo yi. Kai ba ka da uba ne?"

Na fito ina goge hannu na ce, "Subhanallahi, Maman Bulus, me ya yi zafi?"

Ta ce, "Wata biyar ke nan mijina bai taka gidan ubansa ba. Baba ya ce baƙon da ya turo ta bayan gida, sai ya shigo ta ƙofa kafin shi ya shigo. Ba gida, ba gona. In ruwan fari ya sauka bai share ba, ƙanensa za a ba. Mu ci me? Ƙusa?"

Na ce, "Ai bai gaya mini ba."

"Ba zai gaya maka ba. Ni ma ya hana ni. Ya ce ban haƙurin da aka je aka kirawo shi ba ban haƙuri ba ne." Ta gyara goyonta. Muryarta ta sauka. "Gonar ma da sauƙi. Kaka ba ta da lafiya. Uwar Baba, matar mai kabarin. Ita ta goyi Ishaya. Kullum sai ta tambaya ina yake, ana ce mata aiki ya yi masa yawa. Yayarta ce ta gina barewar nan da hannunta, kuma duk masu ginin sun mutu, ba sauran ko ɗaya. Ka ce za ka sayo a kasuwa. Wace kasuwa?"

Ta juya ta tafi. Na tsaya da tsumma a hannu.

Ina so in ce a take na tada babur. Kwana huɗu na ƙara. Kwana huɗu ina neman hanyar da zan ba da haƙuri ba tare da na ba da haƙuri ba. Na yi tunanin aika dattijo. Na yi tunanin rubuta wasiƙa, ni da aka gani ban iya karanta layi ɗaya ba. Ranar ta huɗu da rana aka yi tsawa ta farko, iska ta taso da ƙanshin ruwa, bai dai sauka ba. Na leƙa shagon Ishaya na gan shi tsaye a ƙofa, ya ɗaga kai yana kallon sama, fensir a bayan kunne. Bai san ina kallonsa ba. Fuskar da na gani ita ta ƙarasa ni.

Na ce, "Ishaya, gobe ka raka ni gidanku."

Ya juyo ya ce, "Rahila ko?"

Na ce, "Me ake kaiwa?"

Ya ce, "Wancan karon ne ake kai abu. Yanzu kai ake kaiwa."

Da safe na goya shi, ba bindiga. Wannan karon ta tsakiyar ƙauye muka shiga, kowa na gani. A ƙofar gidansu akwai wata bishiyar ɗorawa, nan Ishaya ya sauka ya zauna a kan saiwa. Ya ce, "Iyakata nan." Mutum mai 'ya'ya uku, a ƙofar gidan da aka haife shi.

Na tuɓe takalma na yi sallama. Baba Saje na zaune gindin rumbu yana sa wa fartanya ƙota. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya ɗago ba, ya ci gaba da aikinsa. Ya fere, ya gwada, ya cire, ya sake ferewa. Rana ta hau. Ƙafafuna suka mutu, kaji suka zo suka zagaye ni suka wuce. Durƙuson da na ƙi yi na ɗan lokaci, ranar na biya shi da riba. Kuma a nan, ina kallon ƙasa, na koyi ɗan abin da na sani game da farauta: duk naman da ka ga ya tsaya cak yana jiranka, kafin ka ja kunama dakata ka tambayi na wane ne.

Da ya gama ya jingine fartanyar ya ce, "Wa ya kawo ka?"

Na ce, "Laifina, Baba. Na zo ne in..."

Ya ɗaga hannu. "Ba ni ba. Ni na je yaƙi, na ga abin da ya fi wannan. Kuma mu coci muke zuwa yanzu, mun san babu kowa cikin yumɓu. Amma akwai wadda duk shekara take hawa da rarrafe ta cire ciyawa a wurin. Tashi."

Na tashi da ƙyar na bi shi bayan rumbu. Tana kwance a tabarma cikin inuwa, 'yar ƙarama kamar yarinya, gashinta fari fat, idanunta sun yi hazo. Na sake durƙusawa.

Ya ce, "Ba ta jin Hausa. Ni kuma ba zan yi maka tafinta ba."

Ban san ko korata yake yi ba. Tsohon ya tsaya yana kallon uwarsa, muƙamuƙinsa na motsi. Can sai ya juya wajen ƙofa, ya ɗaga murya irin ta fareti.

"Ishaya!"

Tsohuwar ta zabura ta ɗago kai. Ya shigo da sauri, ba takalmi, ya zube gefen tabarmar. Ta lalubo kansa da hannu biyu, ta shafa goshinsa da kunnuwansa tana magana ƙasa-ƙasa, shi kuma kafaɗunsa na rawa. Ba wanda ya fassara mini wannan, ban kuma nema ba.

Da ta lafa, Baba Saje ya ce, "Baƙonka yana da magana. Faɗa mata."

Na fara, ina tsayawa Ishaya na mayarwa da Dakarci.

"Kaka, ni ne na hau dutsenku ban yi sallama ba. An ce in zo ta ƙofa na ƙi, don ina ganin na fi ƙarfin in durƙusa muku. Na zaɓi Lahadi don na san kuna coci. Ni na fasa abin da ke kan mijinki, na kuma tsaya gaban ɗansa na kira shi tukunya. Da aka tambaye ni, na jefa sunan Ishaya don in tsira, alhali shi hana ni ya yi. Na bar shi wata biyar a waje ina cin abincin gidansa."

Nan Ishaya ya tsaya, ya dube ni, ya girgiza kai kaɗan.

Na ce, "Faɗa mata duka, Sarkin Ƙusa. Kada ka rage."

Ya faɗa. Ta juyo da fuskarta inda muryata take.

Na ce, "Kaka, ba ni da abin da zan mayar miki da shi. Na yi laifi. Ki yafe mini."